Karen Ramla

Wannan babin shi ne na fi daɗewa ina kewaya shi. Na rubuta muku labarin ƙauyenmu na Jigawa, na rubuta yadda na shigo Kano na sami aiki a kamfanin fata a Challawa, na rubuta aurena da mahaifiyarku, duk ban sha wahala ba. Amma da zarar na zo kan shekarar da ƙanwarku Ramla ta cika takwas, sai in ajiye biro in ce idona yana ciwo. Idon lafiyarsa ƙalau. Akwai abin da kuka sani game da shekarar nan wanda ba haka yake ba, kuma ni ne na bar ku a kansa. Kabiru, kana da sha huɗu a lokacin, Sadiya tana da sha biyu. Kun ga abin da kuka gani, amma ba ku ga duka ba.

Ramla ce autarmu. An haife ta lafiya, ta yi zama ta yi rarrafe a kan lokaci, sai dai har ta kai shekara uku ba ta ce Umma ba, ba ta ce Baba ba. In ka kira ta ba ta waiwayowa, amma in jiniyar kamfani ta tashi daga nesa, wadda mu saboda sabo ko jin ta ba ma yi, sai ta toshe kunne ta fasa ihu, ta riƙa buga goshi a bango har jini ya fito. Bayan hannunta na hagu ya yi kanta saboda cizo. Ba ta yarda a taɓa mata kai, shi ya sa kullum gashinta a dunƙule, mutane suna cewa Ummanku ƙazama ce. Mun yi rubutu, mun yi hayaƙi, mun kai ta wajen masu ruƙiyya har uku. Daga ƙarshe wata likita a asibitin gwamnati ta ce mana ba aljani ba ne, ba sammu ba ne, halitta ce, wasu suna ce mata galahanga, kuma babu allurar da ke warkar da ita sai koyarwa da haƙuri. Muka dawo gida da wannan maganar, ba mu san me za mu yi da ita ba. Ramla kuwa in ta ga ƙofa a buɗe sai ta fita a guje, ba ta san mota ba, ba ta san rami ba. Saboda haka in Ummanku za ta ɗora girki ko za ta yi salla, sai ta ɗaure mata ƙafa da ƙyallen zani a turken da ke bakin madafa. Na sha dawowa daga aiki in tarar da 'yata a ɗaure kamar akuya, uwarta tana tuƙa tuwo tana hawaye. Ban taɓa cewa a kwance ta ba, don ban san abin da ya fi ba.

Wani direba da ke kwasar fata daga wajenmu zuwa Bompai shi ya ba ni labarin wata mata, Malama Talatu, wadda ta buɗe wurin koyar da irin waɗannan yara a wani tsohon sito a can. Ran wata Asabar na ɗauki Ramla muka hau adaidaita sahu. Ƙarar hanya ta haukata ta. Kafin mu isa ta yage mini aljihun riga, ta cije ni a kafaɗa, na shiga da ita a cicciɓe tana shure-shure. Ina ajiye ta a kan tabarma ta fara buga ƙeya a ƙasa. A lokacin ne na ga kare, babba, mai dogon gashi ruwan zuma, kwance a kusurwa, yara biyu sun jingina da shi. Na yi a'uziyya na sunkuya zan ɗauki 'yata mu fita.

Malama Talatu ta ce, “Malam Sale, ku ba ni minti biyar kawai. In bai yi muku ba, ni zan raka ku bakin titi.”

Na ce, “Malama, kare fa? A cikin yara?”

Ta ce, “Shekara biyu aka yi ana koya masa aikin nan. Ba ya haushi, ba ya cizo. Ku dai ku tsaya kusa.”

Ta kira shi da sunansa, Zuma, ta nuna masa Ramla da yatsa. Ya taso a hankali, bai dubi fuskarta ba, bai lashe ta ba, sai ya kwanta a gicciye bisa cinyoyinta ya sake mata nauyinsa. Ta dake shi a wuya, sau biyu, da ƙarfi. Bai motsa ba. Ihun ya fara raguwa, ya koma ajiyar zuciya. Can sai na ga yatsunta sun nutse cikin gashinsa. Malama ta ce mini irin waɗannan yaran nauyi da ɗumi suna kwantar musu da jiki, amma hannun mutum yana firgita su, domin mutum yana magana, yana kallo, yana son a amsa masa, shi kuwa kare ba ya neman komai a wajenta. Na tsaya jingine da bango ina kallon 'yata a kwance shiru, idonta biyu, ba ɗauri a ƙafarta. Ban taɓa ganin haka ba.

Muka riƙa zuwa duk Asabar, wata bakwai. Malama ta ba ta buroshi ta riƙa taje Zuma, daga nan ta ce yanzu kuma Zuma zai kalli ana taje Ramla. A haka aka yi mata kitso na farko a rayuwarta, guda huɗu, kanta a kan haƙarƙarin kare. An koya mata tafiya da ɗamara a ƙugu wadda aka haɗa da ta Zuma da gajeriyar igiya. In sun zo bakin titi sai ya zauna daram, ko ta ja ko ta yi ihu ba zai tashi ba sai babba ya ba shi izini. Kalmar farko da ta fito daga bakin Ramla, tana da shekara bakwai da rabi, ita ce sunansa. Da na faɗa wa Ummanku sai ta yi dariya ta ce to ai ba komai, ita za ta bi layi bayan kare. Bayan mako uku kuwa ta samu: Ramla ta ce “Umma, ruwa.” Ranar Ummanku ta soya wainar da ta raba wa maƙwabta.

Sai mai siton ya ce yana son wurinsa. Malama Talatu ta nemi wani ba ta samu ba, ta yanke shawarar komawa garinsu can kudancin Kaduna. Ta kira ni gefe ta ce Zuma ya fara tsufa, doguwar tafiya da sabon wuri za su wahalar da shi, kuma a duk yaran babu wanda ya shaƙu da shi kamar Ramla. In na yarda za ta bar mana shi amana. Ban amsa ba sai da na je wajen limamin unguwarmu, Malam Garba, na zayyana masa komai.

Ya ce, “Sale, an yarda a ajiye kare don gadi, don kiwo, don farauta. Wannan naka gadin rai zai yi. Ka yi masa wurinsa a tsakar gida, ka ware masa kwanonsa, kada ya shiga ɗakin da kuke salla. Ni ban ga laifi ba. Amma mutane za su yi magana, ka sani.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, maganar mutane ba ta dame ni ba.”

Haka na faɗa, kuma a lokacin na ɗauka gaskiya nake faɗi.

Kun tuna watanni biyar ɗin nan, ba sai na tsawaita ba. Kabiru, kai ka kafa masa rumfa da tsohon kwanon rufi. Aka cire ƙyallen daga turke. Ummanku ta riƙa salla a natse. Da yamma Sadiya takan fita da su biyun har bakin lambatun nan da ke ɗauke da ruwan kamfanoni, baƙi mai wari, wanda ya raba unguwarmu da babban titi, ake tsallaka shi ta kan katako. Nan Zuma yake zama, nan tafiyar Ramla take ƙarewa, su juyo gida. Kalmominta suka kai wajen ashirin. Har ta fara kallona a ido, na ɗan lokaci kaɗan, kamar mai leƙen ɗaki.

Abin da ba ku gani ba shi ne waje. Matan da ke sayen awarar Ummanku suka ragu, don wai gashin kare yana faɗawa ciki. Ita ta ce ko a jikinta. Ni ne abin ya ci. Yara suka sa wa gidanmu suna gidan kare, ni kuma Sale mai kare. Shekara tara ina kiran sallar azahar a masallacinmu duk ranar da ba ni da aiki, sai na zo na tarar an miƙa wa wani lasifikar, ba wanda ya ce mini komai. A sahu wani dattijo yakan janye ƙafarsa in tawa ta taɓa ta. Ni da na shekara ashirin ina jiƙa fata a cikin sinadari, warin da sabulu ba ya fitarwa, ba wanda ya taɓa ƙyamata sai yanzu. Ranar sunan ɗan maƙwabcinmu aka kawo faranti, mu shida muka kewaye shi. Ina miƙa hannu sai mai gidan ya ce a kawo wa Malam Sale nasa daban. Aka zubo mini a kwano, aka ajiye a gefe. Na ci, don kada a ce na yi fushi. Ina ci ina jin kamar ƙasa nake taunawa. Malam Garba yana wurin, ya taso da nasa abincin ya zauna kusa da ni, amma ni ban ga wannan ba, mutum biyar ɗin nan kawai nake gani.

Cikin wannan hali Baffanku Musa, yayana, ya zo daga ƙauye, don labari ya kai can. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, maganarsa umarni ce a wurina. Kun ji abin da ya faɗa a tsakar gida, da ƙarfi, yana nuna rumfar da sandarsa: cewa ba a taɓa haka a zuri'armu ba, cewa na zubar mana da mutunci, cewa kafin ya sake tako gidan nan a fitar da wannan najasar. Kabiru ka shige ɗaki ka bugo ƙofa. Wannan kun sani.

Kwana biyu ya yi. A rana ta biyu jiniya ta tashi yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, Ramla ta toshe kunne ta nufi bango. Ya ga Zuma ya riga ta, ya shiga tsakaninta da bangon, goshinta ya sauka a kan gashi. Ya ga ta zame ta zauna, Zuma ya hau cinyarta. Carbin ya tsaya a hannun Yaya. Washegari na raka shi tasha, mu biyu kawai. Mun tsallaka katakon lambatu sai ya tsaya.

Ya ce, “Sale, na janye maganata. Ban san abin da nake faɗa ba. Ka bar wa yarinyar nan karenta.”

Na ce, “Yaya, mutane fa?”

Ya ce, “Mutane ne za su riƙe maka ita? Ka bar mata abinta, na ce.”

Na ce to. Na sa shi a mota. Na dawo gida ban faɗa wa kowa ba.

Kwana uku ina juya abin a raina. Na ga ƙofa ta buɗe mini: kowa ya ji umarnin Yaya, ba wanda ya ji janyewarsa. Ran Alhamis da safe, Ummanku tana yi wa Ramla wanka a bayan gida, ku kuna makaranta, na sa wa Zuma igiya. Ya biyo ni yana kaɗa jela, ya ɗauka yawo za mu. Na ɗauki shatar adaidaita zuwa Sharada, wajen wani maigadin kamfanin roba da na sani, wanda ya taɓa ce mini suna neman kare. Ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfen get. Da na juya zan tafi Zuma bai yi haushi ba, bai ja sarƙar ba. Zama ya yi, irin zaman da yake yi a bakin titi, yana jiran in ba shi izini. Na tafi ban waiwaya ba. Da na dawo na ce muku Baffanku ya sake jaddada mini a tasha, ba yadda zan yi. Ƙarya na yi muku. Ba Baffanku ya kori Zuma ba, ba limami ba, ba maƙwabta ba. Ni ne, saboda an ware mini kwano a gidan suna.

Ramla ta fito daga wanka ta nufi rumfa. Ta zauna a bakinta tana cewa Zuma, Zuma, ba da ihu ba, a hankali, kamar mai tambaya. Kwana tara tana haka. A na goma ta daina, kuma daga ranar ba ta sake cewa komai ba, har Umma, har ruwa. Buga kai ya dawo fiye da da. Ta tsige kitson da hannunta. Ƙyalle ya koma turke. Kullum in zan fita Ummanku takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, ka je ka dawo da shi.” Ba ta ƙara komai a kai, ni kuma in ce maganar Yaya ce. A masallaci aka dawo mini da lasifika. Na kira salla, muryata tana fita ta kan rufin gidana inda 'yata take a ɗaure.

Sai da na yi mako uku sannan na koma Sharada. Sarƙar tana nan, ba kare. Maigadin ya ce ai wannan ba kare ba ne: ba ya haushi, baƙo in ya zo sai ya kwanta masa a ƙafa, abinci ma ya ƙi ci. Manaja ya ce ba shi da amfani, suka kwance shi suka kora. Na bi layukan Sharada ɗaya bayan ɗaya, na tambayi masu shayi, masu faci, masu tura ruwa. Wani ya ce ya ga irinsa ya nufi hanyar Challawa. Wani ya ce mota ta buge wani kare a bakin gada, amma bai lura da launinsa ba. Duk ranar hutuna sai na fita nema, ku kuna zaton aikin ƙarin lokaci nake. Ban same shi ba. Lambar Malama Talatu tana cikin wayata, ban iya kiran ta ba.

Da damina ta yi nisa, wata Talata aka yi ruwa tun hantsi har azahar. Ina bakin gangar jiƙa fata a wurin aiki aka ce ana nemana a get. Ashe Ummanku ta tayar da sallar la'asar, ƙyallen ya jiƙe, ƙullin ya zame. Kafin ta sallame Ramla ta fita. Wata mai sayar wa ma'aikata abinci ta hango yarinya ta zo bakin lambatu a guje, ruwa ya cika shi ya shafe katakon, ba ta ko rage gudu ba. Samari suka shiga, suka fito da ita can ƙasa, wajen da ruwan yake bi ta ƙarƙashin titi. Da na iso an shimfiɗe ta a kan benci an rufa mata mayafin wata. Ruwan ya rina mata riga. Warin da ke jikinta shi ne warin da nake shigowa da shi gida kullum. Ni na ɗauke ta zuwa gida, ba ta shure ni ba, ba ta cije ni ba.

Baffanku ya zo jana'iza. Ya miƙa maka hannu, Kabiru, a gaban mutane ka mayar da naka baya, ka ce masa ga abin da ya jawo. Na ga ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai. Ya mayar da hannunsa aljihu ya ce Allah ya ba mu haƙuri. Daga nan ba ku sake zuwa ƙauye da salla ba. Sadiya, ranar aurenki kin ce kada a ba shi waliccinki, aka ba wani. Baffanku ya yi jinyar wata huɗu ba wanda ya leƙa shi a cikinku, ni kuma duk zuwan da na yi sai mu yi hirar gero da ruwan sama. Ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Bara, bayan na bar aiki, wata rana da hantsi Ummanku tana tsintar wake a tsakar gida, na jawo kujera na zauna na faɗa mata duka, tun daga tasha har get ɗin Sharada. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ware tsakuwa.

Ta ce, “Na sani, Malam.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ta ce, “Tun kafin ku fita tasha. Yaya ya leƙo madafa ya ce in yafe masa, ya janye, zai faɗa maka a hanya.”

Na ce, “To me ya hana ki faɗa wa yara?”

Ta ce, “Ranar sadakar uku na tashi zan faɗa. Yaya ya tare ni a zaure. Ya ce shi baffa ne, in sun ƙi shi za su rayu. Kai kuwa uba ne, kuma sun riga sun binne ƙanwa a makon, kada in sa su binne uba. Ya sa na yi masa alkawari ba za su ji daga bakina ba.”

Ta kaɗa faifan, ta hure ƙaiƙayin. Sannan ta dube ni, karo na farko tun da na zauna.

Ta ce, “Shekara goma sha ɗaya ina dafa maka abinci ina jira ka faɗa da kanka. Ni ka faɗa mini abin da na sani. Su ne ba su sani ba.”

Ta ɗauki waken ta shiga madafa. Na daɗe zaune a wurin. Da aka kira azahar ban je masallaci ba, na shiga ɗaki na nemo biro.